Yadda Ake Mayar wa Laftof Ƙafafunta na Roba Idan Sun Fita

Idan kana rubutu a laftof ka ji tana ɗingishi, kusurwa ɗaya na ƙwanƙwasa tebur duk lokacin da ka ɗora hannu, ko ka zo ɗaga murfin sai ta zame ta yi baya, to kifa ta ka duba ƙasanta. Galibi za ka tarar ɗaya daga cikin 'yan robobin da take tsayuwa a kansu ta fita, sai gurbinta kawai da busasshen gam da ya kwashi ƙura ya yi baƙi.

Mutane da yawa sukan bar abin haka, suna ganin ado ne. Amma robobin nan aiki uku suke yi. Suna riƙe kwamfutar kada ta zame, suna hana ƙasanta gogar tebur, sannan suna ɗaga ta sama kaɗan domin iska ta shiga. Na ukun ya fi muhimmanci. Yawancin laftof ta ƙasa fankarsu ke jan iska, ta fesar da mai zafin ta baya ko ta gefe. Ratar milimita biyu ko uku da ke tsakanin kwamfutar da tebur, ita ce hanyar iskar. Da zarar ƙafafun baya sun fita sai ramukan iskar su kwanta a kan tebur, fanka ta yi ta kuka, zafi ya taru. Ƙwaƙwalwar kwamfuta kuwa idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai mutum ya ɗauka kwamfutarsa ta tsufa, alhali numfashi ne ya gagare ta.

Zafin nan shi ne kuma yake fitar da robobin tun farko. Gam ɗin da kamfani ya manna su da shi yana laushi idan ya ɗumama, sai a ja kwamfutar a kan tebur maimakon a ɗaga ta, ko a cusa ta cikin jaka tana da zafi, robar ta gusa kaɗan. Gobe ta ƙara gusawa. Wata rana a nema a rasa.

Kafin komai, tabbatar ƙafar ce

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba, ka cire caja da duk abin da ke jone. Shimfiɗa tsumma mai laushi ka kifa ta a kai. Yanzu ɗora rula a kan murfin ƙasa, tsaye da kwance, ka duba ko ya kwanta daidai. Idan ka ga tsakiyar ya turo, ko gefen murfin ya fara buɗewa, ko kuma wurin da ake shafawa da yatsa ya taso ya daina dannuwa, to ajiye maganar roba tukuna. Batir ne ya kumbura. Batirin litiyam da ya kumbura yana iya kamawa da wuta idan aka danne shi ko aka huda shi, don haka kada ka ƙara sa mata caji, ka kai ta wurin mai gyara a canza batirin. Na sa wannan a gaba ne saboda kumburin batir ma yana sa kwamfuta rangaji a kan tebur, kuma akwai masu manna robobi masu tsawo su rufe alamar, su ci gaba da aiki a kan haɗari.

Idan murfin a miƙe yake, sai a ci gaba.

Wace irin ƙafa ce da ita

Leƙa cikin gurbin da kyau, da fitilar waya idan ta kama. Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka irin gam ɗin da za ka yi amfani da shi.

Mafi yawa gurbi ne shafaffe, zagaye ko mai ɗan tsawo, robar a manne kawai take. Wannan shi ne mai sauƙi. Wasu kuma, kamar Dell XPS da HP da yawa, dogayen robobi biyu gare su, ɗaya a gaba ɗaya a baya, sun ratsa faɗin kwamfutar. Su ba su cika faɗuwa lokaci ɗaya ba, sai dai baki ɗaya ya ɗago ya riƙa reto har ya tsinke.

Akwai waɗanda za ka ga kan noti a cikin gurbin. Kamfanoni kan ɓoye notunan murfin ƙasa a ƙarƙashin roba. HP na yawan yin haka, haka ma Surface Laptop na Microsoft tun daga na uku da ya fito a 2019, wanda notunansa huɗu ke ƙarƙashin ƙafafunsa huɗu. Idan taka irin wannan ce, ka sa a ranka cewa wata rana sai an sake ɓamɓare robar, ko don canza batir ko don share fanka. Duk gam ɗin da zai toshe kan notin bai dace ba.

Iri na ƙarshe shi ne mai rami. Wasu MacBook Pro na Apple na shekarun 2009 zuwa 2012 ƙafarsu tana da ɗan tsini da ke shiga rami a jikin murfin. Idan ta fita sai ka ga ramin ya zarce har cikin kwamfutar. A nan duk wani abu mai ruwa, gam ne ko na gogewa, zai iya tsiyaya ya sauka a kan kayan ciki, don haka sai an kula sosai.

Awo

Tsawon ƙafa ya fi faɗinta muhimmanci. Idan faɗin ya gaza kaɗan ba wanda zai gani, ai a ƙasa take. Amma idan tsawon ya bambanta da na sauran ko da rabin milimita ne, ɗingishin zai dawo, sai dai ya koma wata kusurwa.

Auna faɗin gurbin da rula, a milimita. Tsawon kuwa a jikin ƙafar da ta rage za ka auna, kuma wadda ke layi ɗaya da wadda ta ɓace: ta baya da ta baya, ta gaba da ta gaba, domin a kwamfutoci da yawa na baya sun fi na gaba tsawo. Ga dabara idan ba ka da abin awo mai kyau. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne, kaurin takardar A4 ta yau da kullum kuwa kusan milimita 0.1. Jera katuna a gefen ƙafar da ta rage, ka ɗora rula a kansu da kan robar, ka riƙa ƙara takarda har rular ta kwanta daidai. Kati biyu da takarda biyar, misali, kusan milimita biyu ke nan. Wannan shi ne abin da ya fito waje. Sai ka ƙara zurfin gurbin a kai, ka kuma tuna cewa tef ɗin mannewa ma yana da nasa kaurin.

Inda za a samo sabuwa

Ta asali ta fi. Duba lambar samfurin kwamfutar a takardar da ke manne a ƙasanta ko a rubutun da aka zana a jikin murfin, irin su A1278 ko A1466 a kwamfutocin Apple. Da wannan lambar ake nema a intanet, ba da sunan kamfani kaɗai ba, domin kwamfutoci biyu masu suna iri ɗaya na iya bambanta a ƙafa idan shekarar fitowarsu ba ɗaya ba ce. Masu gyaran kwamfuta ma sukan tara matattun laftof, kuma murfin ƙasan irin taka da ƙafafunsa ba ya wuyar samuwa a wajensu. Idan kwamfutar tana cikin garanti, tambayi kamfanin kafin ka taɓa komai.

Idan ta asali ta gagara, akwai 'yan robobi masu gam a baya da ake sayarwa a jere a kan takarda, waɗanda ake mannawa a ƙofar kabad ko ƙarƙashin kayan lantarki. Bumpon na kamfanin 3M shi ne sananne a cikinsu, kuma suna zuwa girma daban-daban. Zaɓi masu shafaffen kai. Masu kan tulluwa a wuri ɗaya suke taɓa tebur, ba sa riƙo sosai. A wannan hali ra'ayina shi ne ka cire sauran ƙafafun ka canza huɗun gaba ɗaya. Neman wadda za ta yi daidai da tsofaffi uku da suka riga suka cinye ɓata lokaci ne, kuma sababbi huɗu iri ɗaya ba sa buƙatar wani lissafi. Ka dai tabbata ba su gaza na asali tsawo ba. Su ɗara da milimita ɗaya ma ba laifi, iska ce za ta ƙaru.

Kana iya yanka taka. Tsohuwar shimfiɗar maus, ko robar cikin tayar keke da aka ninka biyu, ko falle na roba mai kaurin da ka auna, duk suna yi. Ɗora takarda a kan gurbin ka shafa gefen fensir a kai, siffar za ta fito. Yanke ta ka ɗora a kan robar ka zana, sannan ka yanka da almakashi ko sabuwar reza. Ka rage kaɗan daga faɗin domin ta zauna cikin gurbin, kada bakinta ya hau kan gefen. Soso da auduga da ƙyallen da ake mannawa a ƙafar kujera kuwa ba sa yi: soson zai lotse cikin 'yan kwanaki, ƙyallen kuma don zamewa aka yi shi.

Share gurbin

Yawancin ƙafafun da aka mayar suka sake fita, a nan aka yi sakaci. Sabon gam ba ya kama tsohon gam, ba ya kama ƙura, ba ya kama maiƙon hannu. Ko wane irin gam ka saya, idan gurbin bai fita tas ba, aikin baban giwa ne.

Fara da murza tsohon gam ɗin da babban yatsa, kana tura shi gefe ɗaya. Zai riƙa naɗewa yana zama 'yan dunƙule baƙaƙe, sai ka tsince. Wanda ya maƙale a kusurwa ka fito da shi da tsinken sakace ko gefen tsohon kati. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba, za su karce jikin, a kan alminiyam kuwa tabon ba ya ɓacewa. Idan gam ɗin ya bushe ya yi tauri, hura masa iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, daga nesa kaɗan, a mafi ƙarancin zafi. Ɗumi ake so wanda hannu zai iya jurewa, domin batir na nan kusa a ƙarƙashin murfin.

Daga nan sai gogewa da sinadarin isofurofil, wato irin sipirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke kayan ciki da shi. Mai ƙarfin kashi 90 ko sama ya fi, don ya fi saurin bushewa, amma mai kashi 70 ma yana yi. A jikin auduga ko tsumma za ka ɗiga shi, ba a kan kwamfutar ba. Goga, ka juya wuri mai tsabta na audugar, ka sake gogawa. Da farko za ta fito baƙa, sannan ruwan toka. Sai ta fito fara fes za ka tsaya. Bar shi minti biyu ko uku ya bushe, kuma daga nan kada yatsanka ya sake taɓa wurin.

Ka guji ruwan goge jan farce, domin asiton ɗin da ke cikinsa yana narkar da robar jikin laftof, ya bar fari-farin tabo. Fetur da tina ma haka. Man tsabtace hannu kuwa, ko da yake akwai sipirit a ciki, ana haɗa shi da abin laushin fata wanda ke barin santsi, kuma santsin ne muke ƙoƙarin kawarwa.

Bayan robar ma sai an share, musamman idan tsohuwar ce ka tsinta a cikin jaka za ka mayar, ko wadda ka yanka da kanka. Goge ta da sinadarin, ka ɗan gurza bayan da sanfefa mai laushi sau uku ko huɗu don gam ya sami wurin kamawa, ka sake gogewa.

Gam

Abin da hannu ke fara kaiwa shi ne sufa gulu, kuma shi ne na fi hana mutane. Yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, ita kuwa roba motsi take yi duk lokacin da aka ja kwamfutar, sai ya tsage ya saki. Tururinsa yana barin farin hazo a kewayen wurin. Idan kuma ya gangara kan noti, ya cika ramin da sukundireba ke shiga, mai gyara zai sha wuya ranar da za a buɗe. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga shi ma ba ya daɗewa, tunda zafi ne ke narka shi, ƙasan laftof kuwa kullum cikin ɗumi yake.

Abin da ya fi dacewa shi ne irin wanda kamfanin ya sa tun farko: siririn tef mai gam ciki da waje, mai ƙarfi, ba na manna takarda ba. 3M 300LSE an yi shi ne musamman don robobin da gam ba ya son kamawa. Tesa 61395, baƙin tef da ake manna gilashin waya da shi, shi ma yana yi. VHB na 3M yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai wasu nau'o'insa sun kai kaurin milimita ɗaya, don haka nemi siririn ko ka cire kaurinsa daga tsawon ƙafar. Amfanin tef shi ne ba ya tsiyaya, yana jure zafi, kuma ana iya ɓamɓare shi idan buƙata ta taso.

Idan babu tef, gam ɗin B-7000 na masu gyaran waya yana yi, don ko ya bushe yana nan da danƙo. Ɗigo ɗaya ƙarami ya isa, a baza shi da tsinke. Sholisho ma yana kama baƙar roba ta gaske: a shafa siriri a ɓangarorin biyu, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Da shi ba a gyara zama, inda ta sauka nan ta zauna.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne ƙafar silikon. Idan robar tana da santsi da laushi, kuma ko salatif ka manna mata sai ya faɗo, mai yiwuwa silikon ce, kuma kusan babu gam ɗin da ke kama ta sai gam na silikon. Irin waɗannan ƙafafun sukan zo da wata siririyar leda a manne a bayansu, wadda gam ɗin kamfani ke kamawa. Idan ledar na nan, kada ka ɓare ta, a kanta za ka sa tef. Idan ta fita, ko dai ka nemi gam na silikon ko ka haƙura ka sa sabuwar ƙafa.

Mannawa

Gwada ƙafar a gurbin tukuna ba tare da gam ba, ka ga ta zauna, ka kuma gane inda gabanta yake idan tana da ɗan tsini ko siffar da ba zagaye ba. Manna tef ɗin a bayan robar, ka kifa ta a kan kwali ka yanke abin da ya fito da reza, daidai da bakinta. Tef ɗin da ya leƙo waje zai kwashi ƙura, daga nan kuma ɓarewa ke farawa. Idan akwai noti a gurbin, yanke ɗan rami a tef ɗin daidai kan notin.

Ɓare takardar bayan tef ɗin da hantsaki ko bakin reza, ka riƙe robar ta gefe, ka sauke ta cikin gurbin a hankali. Sannan ka danna da babban yatsa, da ƙarfi, na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Irin wannan gam da dannawa yake kamawa. Sai dai ka tuna gilashin kwamfutar na ƙasa tunda a kife take, saboda haka ya fi kyau ka ɗan buɗe ta ka tallafi kusurwar da ɗaya hannun ta ciki, ka matse ƙafar tsakanin yatsunka biyu. A wuri mai sanyi gam ba ya kamawa da kyau. 3M na ba da shawarar a manna tef ɗinsu tsakanin digiri 21 da 38, don haka a ɗan ɗumama wurin idan ana sanyi.

Doguwar roba kuwa daga baki ɗaya ake farawa. Saka bakin a ƙarshen gurbin, ka riƙa ɓare takardar kaɗan-kaɗan kana bi da yatsa. Kada ka ja ta. Roba idan aka ja ta aka manna, za ta koma yadda take a hankali, bakin ya ɗago. Idan tsohuwar ce kuma ta riga ta miƙe ta fi gurbin tsawo, yanke abin da ya ƙaru da reza maimakon ka cusa, don cusawar za ta sa tsakiyar ta yi tudu. Wadda baki ɗaya kawai ya ɗago ba sai an cire ta duka ba: ɗaga iyakar inda ya saki, share ƙarƙashin, ka zura siririn tef.

Mai rami kuma, idan sabuwar ƙafar mai gam ce a baya, daidaita tsinin da ramin ka danna, shi ke nan. Idan irin wadda ake riƙewa ta ciki ce, sai an kwance murfin ƙasa. MacBook Air da MacBook Pro na baya-bayan nan notunansu masu kusurwa biyar ne, sai da sukundireba ta musamman da ake kira P5. Yawancin MacBook Pro na 2009 zuwa 2012 kuwa ƙaramar sukundireba mai kan giciye ke kwance su, kuma notunan ba tsawonsu ɗaya ba, don haka jera su a kan takarda yadda ka cire su. Idan ba ka taɓa buɗe kwamfuta ba, wannan kam bar wa mai gyara.

Jira, sannan gwaji

Juya kwamfutar ta tsaya a kan ƙafafunta a tebur mai shafe, nauyinta zai ci gaba da danna gam ɗin. Tef irin VHB yana kaiwa kusan rabin ƙarfinsa cikin minti 20, kashi 90 bayan awa 24, cikakken ƙarfi kuma bayan awa 72. B-7000 ma yana son kwana ɗaya zuwa biyu. Kana iya aiki da ita a inda take, amma kada ka ja ta, kada ka sa ta a jaka, kuma ka guji aikin da zai sa ta yi zafi sosai a ranar farko.

Washegari ka gwada. Tebur na gilashi ko na tayil ya fi, domin katako kan lanƙwashe ya ba ka amsar ƙarya. Danna kowace kusurwa da yatsa, sannan ka zura takarda ƙarƙashin kowace ƙafa. Inda takardar ta shige ba tare da ta tokare ba, wannan ƙafar ba ta taɓa tebur. Ƙara takarda ta biyu, ta uku, har ta tokare. Adadin takardun shi ne gejin da ya rage, kowace ɗaya kusan milimita 0.1. Idan sabuwar ce ta gaza, ɓare ta ka ƙara falle ɗaya na sabon tef a ƙarƙashinta. Idan kuwa ta fi sauran tsawo, za ka ga takardar na shiga ƙarƙashin maƙwabciyarta. Shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan tebur, ka cire ƙafar ka goga kanta a kai sau kaɗan, ka auna, ka sake gogawa har ta zo daidai, sannan ka mayar da ita da sabon tef.